Marigayin da Ya Ƙi Barin Rahotona

Na haɗa wa ofishinmu na Gusau rahoton manoma a kwamfuta: ka zaɓi gari, sunayen manomansa su fito. Na yi ta cika baki cewa ba ya kuskure.

Ranar gwaji Hajiya Darakta ta zaɓi Tsafe. Suna ɗaya ya fito: Ɗanjuma, masinjanmu mai gona, wanda muka yi wa jana'iza kwanan baya. Ta zaɓi Bungudu, shi ne dai. Na ja kujerata baya na ce, "Hajiya, wannan ba aikin kwamfuta ba ne."

Ashe da sunansa na gwada rahoton tun yana raye, na manta ban cire ba.

Har yau in na kunna kwamfuta sai Hajiya ta leƙo: "Malam, a gaishe mana da Ɗanjuma."