Ranar da Bayan Motar Kaka Ya Zame

"Lafiya lau na kwana, amarya. Ke ce dai aka ce jiya kin tuƙa motar 'yan makarantarku har kaji suna wuce ki."

Jikar ta ƙarasa gaida kakan nata a durƙushe, sannan ta ce gara ita, angon nata ko ƙofar ɗakinsa sai ya lalubi bango yake gane ta. Asibitin ido za ta kai shi, a tsohuwar motarsa wadda tayoyin baya ke turawa. Ya miƙa mata makulli kamar ana cire masa haƙori.

An kwana ana ruwa, kwalta sai sheƙi take. Tsohon na gefenta yana mita, wai tun kafin a haifi uwarta yake riƙe sitiyari. Ta ce ai shi ya sa sitiyarin ya gaji da shi.

A shataletale bakinsa ya mutu. Bayan motar ya sulale gefe, shagunan da ke hagu suka dawo gabansa, ga wata mata da goyo a bakin titi. Ƙafarsa ta shiga neman birki inda babu birki. Jikar kuwa ba ta taka ba. Ta sassauta totur, ta bi da sitiyari inda bayan ya nufa, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Motar ta yi 'yar girgiza, ta miƙe. Mai goyon ma ba ta waiwayo ba.

Hannunta kawai yake kallo. Shi ya taɓa riƙe hannun nan yana koya mata tafiya.

Wani ɗan sandan hanya ya tsayar da su, ya karɓi lasisinta. Ya ce da idonsa ya ga ta juya mota irin na samarin da ke wasa da rai. Tuƙin ganganci ne, doka kuwa ba ta tambayar ko an bige wani, sai kotu. Tsohon ya san in lasisin nan ya tafi, aikinta na tuƙa motar 'yan makaranta ya bi shi.

Ya fito da sandarsa, ya lalubi but ɗin bayan motar ya buɗe. Wayam. Ya ce tun da ya sayi motar nan buhunan yashi ke kwance a ciki don su danne tayoyin baya. Jiya ya sa aka sauke su aka tare ruwa a ƙofar gida, bai kuma gaya wa kowa ba.

"In kamu za ka yi, ɗana, ga mai laifi."

"Tafi da shi, ranka ya daɗe," in ji jikar. "Na daɗe ina neman mai raba auren nan."

"Ka ji ta ko? Mummuna, ga rashin godiya." Sai muryarsa ta sauka. "Amma na yi tuƙi har ido ya ƙare, ban taɓa ganin an dawo da mota haka ba."

Ɗan sandan ya taka ya duba sawun tayoyin, ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ya miƙa mata lasisin, ya ce kada motar nan ta sake hawa jiƙaƙƙen titi babu nauyi a baya.

Tsohon ya kama ƙofar gaba zai shiga, jikar ta danna makullin ƙofar daga ciki.

"Ango, ka ji abin da hukuma ta ce. Koma baya."

"Ni? A motata?"

"Kai ne yashinmu yau. Ka zauna daidai kan taya, ban da motsi."

Ya tsaya yana dubanta, dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya buɗe ƙofar baya ya zauna, ya ɗora sandar a cinya.

"Ja mu tafi, direba."