Ɗalibar Cikin Kogo

A wani daji da ke bayan duwatsu, dabbobi sun kafa jami'a a gindin wata tsohuwar tsamiya. Wata giwa, Iya Delu, kafin ta rasu ta bar wa jami'ar rumbun gero, ta ce a riƙa ciyar da duk ɗalibin da zai yi nazarin rayuwar matan daji. Majalisar malamai ta karɓi amanar hannu bibbiyu, kuma Allah ya sani ba mugaye ba ne. Sai dai sun sa ranar ganawa da masu neman tallafin a farkon damina, lokacin da ciyawa ta fito, ciki ya cika, baki ya buɗe. Sharaɗinsu ɗaya: mai nema ya zo da ƙafarsa.

Shekara da shekaru babu macen da ta leƙo. Malamai su jira, su girgiza kai, su ce matan dajin nan ba ruwansu da ilimi, sannan su miƙa geron ga wanda ya halarta. Zakara, Malam Cindo, ya ci har wuyansa ya yi kauri, yana nazarin halin kaza daga kan danga.

Ladingo cilakowa ce, kuma ta daɗe da sa rai a kan tallafin nan. Burinta ta bi tsofaffin matan daji ta ji yadda suka raya 'ya'yansu a shekarar fari, tun kafin su ƙare da abin da ke cikinsu. Yawon nan kuwa ba ya yiwuwa da yunwa. Ga shi tsofaffin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

To, ita cilakowa, in za ta yi ƙwai, kogon itace take shiga, a yaɓe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga da miji zai riƙa miƙo abinci. A ciki gashinta yake zubewa, ba ta fitowa sai 'ya'ya sun yi ƙwari. Ranar ganawa ta samu Ladingo a kogon wata kuka, tsirara, ƙwai na ƙarƙashinta. Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta kira mijinta, Jatau.

"Maigida, je ka gaya musu ina so, kuma na shirya. Ka ce fita ce ta gagara."

Jatau ya tafi, can ya dawo da fara a baki da kunya a fuska. Ya miƙa mata farar ta tsaga, ya ce, "Sun ji tausayinki ƙwarai. Malam Cindo har ya yi jawabi. Cewa ya yi, 'Ya ku malamai, mun sha faɗa, mace ba ta rasa uzuri. Amma ga mijinta ya zo da ƙafarsa, yana zaune da mace, ya san halinta. A ba shi geron, ai duk gida ɗaya ne.' Wallahi har sun fara gyaɗa kai."

"Kai me ka ce?"

"Na ce su dakata, lokacin abincinki ya yi. Bari in koma."

Haka ya yi ta jeka-ka-dawo, ita kuwa zuciyarta tana ƙuna. Da rana ta take, sai ta kai bakinta ga lakar ta fara sara. Ta san in ta fasa ƙofar maciji zai samu hanya, ƙwan kuma za su yi sanyi. Ta san ko ta fita ba ta da fiffiken tashi, sai dai ta ja jiki a ƙasa kowa na kallo. Ta sara, ta tsaya, ta dubi ƙwan, ta janye bakinta. Ta zauna a kansu ta haƙura, haƙuri mai ɗaci.

Bayan la'asar ta ji motsi a gindin kukar. Ta sa ido a tsaga, sai ga majalisa gaba ɗaya, shugabanta kunkuru, Shehu Barmo, yana gaba yana haki.

"Salamu alaikum, 'yata," in ji kunkuru. "Mijinki ne ya hana mu zama, ana magana ya tashi, ana magana ya tashi. Na ce bari in ga abin da ke kiransa. Tafiyata kin santa, don haka na samu lokacin dube-dube a hanya. Kowane kogo da ido a ciki, kowace sheƙa da mai zama. Ashe haka kuke duka a wannan watan?"

"Allah ya gafarta Malam, haka muke kowace shekara. Mukan ji shelarku daga ciki."

Kunkuru ya ɗaga kai ya dubi tsagar. Sannan ya ce, "Tun ina da ƙarfi nake jiran ku a gindin tsamiya, ina jin haushinku. Na ji kunya. To, ga mu mun zo da ƙafarmu. Faɗi abin da kike son nazarta."

Ladingo ta buɗe baki ta yi bayani ta tsaga. Ba ta gama ba ta ji wani abu ya motsa a ƙarƙashinta, ƙwai ya tsage. Ta ce, "Malam, a gafarce ni kaɗan." Majalisa ta jira a tsaye, ba wanda ya yi tari. A nan gindin kuka aka ba ta tallafin, aka ce rumbu zai jira ta har gashinta ya fito.

A wannan shekarar, Malam Cindo ya gabatar da sabon bincike, inda ya gano cewa matan tsuntsaye da damina suke ƙwai. An yaba masa matuƙa a taron da aka shirya a farkon damina ta gaba, sai dai kaji ba su samu halarta ba.