Yadda na raba maganin Laminu ga matan unguwa

Ko na so in manta da wannan rana ba zan iya ba, don har yau in hanya ta bi da ni ta ƙofar gidan likitan unguwarmu sai na ja mayafi na ƙara sauri.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba ne, fara kuma ta zo ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. A nan Damagaram tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka, danginmu na Guna da Hamdara suna ta shigowa birni da ƙullin kayansu a ka. Maigidana ya tafi cirani Kano. Cikin wannan hali ɗana Laminu ya dawo daga Kwatano (shi ne na uku, saboda haka ina iya kiran sunansa ba kunya). Ya tafi da ƙibarsa, ya dawo kamar kara. Abin da ya fi tayar mini da hankali hannuwansa ne. Yaron da ya tashi a rumfar dukawa, wanda yake ɗinkin jakar fata ido rufe, sai ga shi basilla tana zamewa daga yatsunsa bai ma ji ba. Ya ce tafin hannunsa da na ƙafarsa kamar tururuwa ke yawo a ciki.

Na kai shi wurin Majo, wato babban mai jinya na gidan likitanmu, wani dogon mutum mai gilashi da ba ya son dogon zance. Sun daɗe su biyu kafin a kira ni. Laminu ya sunkuyar da kai, Majo ya gaya mini gaskiya. A can Kwatano yaron ya faɗa cikin abokai masu shan wata ƙwaya a gidajen rawa, mai hana barci da hana jin yunwa. Ƙwayar da rashin cin abinci su suka taɓa masa jijiya. Ya ce zai ba shi bitamin mai taimakon jijiya, amma bai yi alkawarin komai ba, kuma kada yaro ya ɗauka ya samu abin da zai kare shi in ya koma wa waccan. Sannan ya miƙo mini ledar ƙwayoyi 'yan rawaya na wata guda.

"Inna, ke za ki riƙe. Mai irin wannan ciwo ba a sakar masa ƙwaya a hannu. Kin iya karatu?"

Na ce na yi makarantar manya shekara biyu (har da ɗan gyara zama na faɗa, Allah ya yafe mini). Sai ya rubuta mini da Hausa a jikin takarda: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan an ci wani abu. Kada a ƙara, kada a rage. Na karanta masa da kaina, ya ce madalla. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri. Na karanta sarai, na kuma gane.

Kwana huɗu ina bi daidai. A na biyar Ya Fanna maƙwabciyata ta shigo da hantsi, ta same ni ina miƙa wa Laminu ƙwayarsa. Ya Fanna ta girme ni, kuma satin da ya wuce ita ta aiko mini da rabin tiyar gero ba tare da na roƙa ba.

"Me kike ba ɗan nan, ƙanwata?"

Ta yaya zan ce ɗana ya sha ƙwaya a ƙasar mutane? Na ce maganin ƙarfi ne, na gajiyar tafiya.

Ta zauna bakin tabarma ta dafe goshi. "Ni ma kwanan nan in na miƙe sai in ga duhu."

To a gidanmu ban taɓa ganin an ci abu a gaban maƙwabci an hana shi ba. A shekarar nan ko ganyen tafasa ka dafa sai ka zuba wa na kusa a murfin kwano. Na ɗauko biyu na sa mata a hannu.

Kafin sati ya zagayo zance ya bazu cewa a gidana akwai ƙwayar da ke tsare jiri. Mata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da gaisuwarta mai tsawo, ni kuma ba ni da bakin cewa babu. Da na ga ƙwayoyin leda suna raguwa sai na yi abin da na iya yi da hatsi: na rage awo. Na mai da Laminu ɗaya a rana. Daga baya na sa wuƙa ina raba ɗayar biyu, rabi da safe rabi da yamma, ina gaya wa kaina ai dai sau biyun da aka ce bai canza ba. Laminu yana gani. Bai taɓa cewa komai ba, sai ya karɓa ya ce, "Na gode, Inna." Wata safiya na miƙa masa kofin koko ya suɓuce daga hannunsa ya zube, kokon da shi ke nan a gidan. Ya tsaya yana kallon yatsunsa. Duk da haka, da aka sake sallama a ƙofa na sake buɗe ledar. Ta ƙare saura kwana tara ranar komawa, matan kuma kowacce ta ƙulle nata tana sha kaɗan-kaɗan.

Ranar komawa muka tafi, ledar wofi tana ƙulle a bakin zanena, ina ta shirya abin da zan ce ban samu ba. Muna isa sai ga Ya Fanna da mata biyar na layinmu a kan benci, duk sun yi jugum. Wurin kuma cike yake, don ranar awon yara ce. Ya Fanna ta jawo ni ta yi mini raɗa.

"Ciwon shawara ya shigo unguwa. Fitsarinmu duka ya koma rawaya sosai, kamar an jiƙa rini. Kowacce tana ɓoyewa, sai jiya a bakin fanfo muka gane ashe mu shida ne."

Wallahi ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Na riƙe hannunta na yi musu addu'a, har na ce su nisanci man gyaɗa. Ni da na haɗa abin, ni ce mai ba da shawara.

Aka kira Laminu muka shiga. Ƙofar ɗakin labule ne kawai. Majo ya ɗauki wani ɗan tsinke yana taɓa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Ka ji? Nan fa?" Laminu yana girgiza kai. Majo ya cire gilashi ya ce in ba shi ledar. Na kwance na miƙa. Ya juya ta, ya dubi takardarsa.

"Yaushe ta ƙare?"

Na ce an kwana biyu.

Bai ko dube ni ba, sai ya juya ga Laminu. "Ka sace a wurin uwarka ka sayar, ko ka watsa su baki ɗaya yadda ka saba? Ni ba ni da maganin da zan zubar. Akwai masu jira. In haka za ka yi, kada ka dawo mini."

Na jira yaron ya ce ba shi ba ne. Sai na ji ya ce, "Ka yi haƙuri, Majo."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Ya yarda a kore shi da hannuwansa a mace don kada a ga laifin uwarsa. Na ce ni ce.

"Me kika ce, Inna? Ɗaga murya."

Ni dama muryata ba ta da ƙarfi, ko a gida sai an matso. Na sake faɗa, ya sake cewa bai ji ba. A karo na uku ban san inda ƙarfin ya fito ba, na ce, "Ni na raba wa maƙwabta, shi kuma na rage masa." Na ji duk hayaniyar waje ta tsaya, har da kukan yara.

Sai Majo ya tashi ya ɗaga labule ya tambayi su wa suka sha 'yar ƙwaya rawaya daga hannun wannan baiwar Allah. Hannu shida suka tashi a kan benci guda. Ya tambayi abin da ya kawo su, Ya Fanna ta faɗa tana rufe baki da mayafi. Ya bi su ɗaya ɗaya yana duba farin idonsu, sannan ya ce babu shawara a nan, wannan bitamin haka yake rina fitsari, in an daina sha ya wuce. (Ashe ya gaya wa Laminu tun ranar farko. Amma wane ɗa ne zai zauna da uwarsa yana mata zancen fitsari?) Jirin kuma, ya ce, na yunwa ne, ba ƙwayar da ke maganinsa.

Wata daga cikin masu awon yara ta fara dariya, sauran suka kama. Ni dai ina tsaye ina kallon siminti. Sai Ya Fanna ta ce, "To Majo, maganin mene ne muka sha?"

Majo ya dubi Laminu. Na so ƙasa ta buɗe. Laminu ya miƙe ya zo bakin labule, ya rusuna mata.

"Na jijiya ne, Iya. Na sha ƙwaya a Kwatano, ta kashe mini hannu. Inna rufa mini take yi."

Dariyar ta mutu. Ya Fanna ta dube ni, ba fushi a idonta, abin da ya fi fushi ciwo. "Haba ƙanwata. Da kin ce na ciwon yaro ne, wa zai karɓa? Kin sa mun ci rabon ɗanmu."

Majo ya koma ya ƙirgo wata ledar. Na miƙa hannu kamar yadda na saba, sai ya wuce hannuna ya danƙa wa Laminu.

"Kai za ka riƙe. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ko Inna ta roƙe ka kada ka ba ta."

Haka muka fito ta tsakiyar matan nan, ɗan da aka ce ba a sakar masa ƙwaya yana riƙe da magani, uwar da ta yi makaranta tana bin bayansa hannu wofi.

Ya sha daidai, bai tsallake ko ɗaya ba. Hannun dama ya dawo a hankali, har ya koma rumfa kafin damina ta biyu. Na hagu har yau yatsa biyu ba su cika ji ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayar Majo ko makonnin nan da na rage masa ne suka jawo ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Magani ba tuwo ba ne, ba a zuba wa maƙwabta, ba a kuma rage awonsa don ya kai gobe. Yanzu ko na ciwon kai aka ba ni, in an yi sallama sai na tura shi ƙarƙashin tabarma kafin in amsa, don na san halina.