Sifikar Bakin Ƙofa: Yadda Za Ka Kewaye Kanka da Sauti a Kuɗi Kaɗan

Tun daga Funtua har Malumfashi, a haɗa da Danja da Dandume, ba a taɓa samun mutumin da ya bi waɗannan matakai ya yi asarar ko ƙwayar masara ba. Na bincika. A wannan zamani, abin da ke raba wayayye da sauran jama'a shi ne ta ina sauti ke zuwa masa. Gama-garin mutum daga gaba kawai yake ji, kamar mai sauraron huɗuba. Wayayye kuwa kewaye shi sauti ke yi, gaba da baya, dama da hagu. Kai ma za ka kai wannan matsayi da ɗan abin da ya rage a aljihunka bayan kaka. Don kada ka ce da baki kawai nake yi, zan riƙa buga maka misali da Malam Muhammad Awwal, ma'aikacin ofis a Funtua, manomi ran Asabar da Lahadi, wanda ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau bai ga laifinsu ba.

Mataki na 1: Ka gano cewa kana cikin wahala

Mutane da yawa suna shan wahala ba su sani ba. Shekara da shekaru Awwal yana kallon fim a tsohuwar kwamfutarsa da 'yan sifikoki biyu, yana dariya, yana zaton yana jin daɗi. Sai da ya shiga falon wani abokin aikinsa, mota ta wuce a fim ya ji ta bi ta bayan ƙeyarsa har ya sunkuya, sannan ya gane an daɗe ana cutarsa.

Ka zaɓi lokacin kaka don wannan ganowa, domin lokacin ne masara ke cikin buhu, zuciya kuma ke da faɗi. Masarar Awwal daga wata gona take fitowa a Ƙarfi, kuma gonar ba tasa ba ce. Ta surukinsa ce, Alhaji Maitama, mahaifin matarsa Sa'adiya. Aro ne na shekara-shekara. Duk bayan kaka tsohon yakan taso da kansa ya zo Funtua da ɗaurin rake, ya zauna a zaure, Awwal ya cire takalmi ya durƙusa can gefe, a gaisa, sannan tsohon ya ce, "Bana ma a ci gaba." Kafin ya faɗi haka, babu gona. Ga kuma Mahadi, ƙanen Sa'adiya, wanda ya daɗe yana yi wa gonar kallon da akuya ke yi wa ganyen wake. Wannan duk bai shafi sifika ba. Na faɗa maka ne kawai.

Mataki na 2: Ka yarda da kwali

Kada ka ɓata lokaci wajen sauraron sifika a shago. Kunne yana ruɗin mutum, kwali kuwa a rubuce yake. Ka nemi wanda lambar da ke jikinsa ta fi yawan sifiri, wanda aka zana Bature a zaune ƙarar sauti ta tura masa gashi baya. A ciki za ka tarar da ƙananan sifikoki biyar da babba ɗaya mai gurnani, wadda ake kira wufa.

Awwal ya sami nasa a shagon Kazeem, Bayaraben da aka haifa a Funtua, wanda Hausarsa ta fi ta Awwal gishiri.

"Malam Awwal, wannan ai ba sifika ba ce," in ji Kazeem. "Sinima ce aka naɗe a kwali."

Awwal ya ɗaga kwalin da hannu ɗaya. "Na ji ba nauyi."

"Fasaha kenan, yallaɓai. Da can ne ake sayen nauyi. Wayar da ke aljihunka nauyi gare ta?"

"Garanti fa?"

"Ni ne garantin. Ina za ni? A garin nan aka yanke mini cibiya."

Idan mai shago ya kawo maganar cibiyarsa, ciniki ya faɗa. Ka biya ka fita kafin hankalinka ya dawo.

Mataki na 3: Ka bar waya ta zaɓa maka wuri

Takardar da ke cikin kwali za ta ce ka ajiye biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a bayanka. Wanda ya rubuta takardar bai taɓa ganin tsawon wayar ba. Ka ja kowace waya har inda ta tsaya, ka kafa ƙusa a nan. Allah ne ya zaɓa maka.

Kwamfutar Awwal tana ɗakin da ke manne da zaure. Ɗaya daga sifikokin baya ta tsaya a kan taga, ɗayar kuma, bayan an ƙara mata wayar tsohuwar fanka an naɗe da salatif, ta kai daidai saman ƙofar da ke fita zaure. Kwamfutar rami ɗaya gare ta na sauti, saboda haka duk abin da sifika ɗaya ta faɗa shi sauran ke maimaitawa, kamar 'yan kwamiti a gaban ciyaman. Kada wannan ya dame ka. An ce sauti ya kewaye ka, ba a ce ya kewaye ka da ra'ayi daban-daban ba.

Ba a jima ba biyun gaba suka fara tari, ta tsakiya da ta taga suka koma raɗa. Ta bakin ƙofa ce ta rage da cikakkiyar lafiya, ta zama ciyaman.

Mataki na 4: Ka san abokan hamayya

Kowane gida yana da sautinsa na gado wanda zai yi gasa da naka. A gidan Awwal rago ne. Na Sa'adiya ne, tun kafin damina take kiwonsa da dusa da harawa, tana jiran Layya ta sayar ta sayi keken ɗinki. Turkensa yana bayan tagar nan, kuma yakan zaɓi daidai inda fim ya yi daɗi ya ba da tasa gudummawar.

"Maman Rabi, ragon nan naki yana ɓata mini sautin baya."

"Baban Rabi, shi ma ai daga baya yake yi. Kuma ba ya jiran a kawo wuta."

Kada ka amsa irin wannan magana. Ka ƙara murya.

Mataki na 5: Ka horar da kunnenka

A nan ne masu rauni ke faɗuwa. Ka san finafinanmu: ba mai shiga ɗaki sai ya yi sallama, kuma ba a minti biyar ba a shiga ɗaki ba. To, kowace sallama a fim ɗin Awwal daga saman ƙofar zaure take fitowa, da murya sak ta mutum.

Ranar farko ya amsa, ya tsayar da fim, ya lalubi hula, ya fita. Ba kowa sai kaza. Ya dawo ya zauna, aka sake, ya sake fita, har da cewa "Maraba, maraba." Sa'adiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce, "Baƙin naka ba sa zama ne?" Ta yi dariya har sai da ta ajiye faifan.

Awwal ya ji zafin wannan dariya. Mutum mai digiri, sifikar da ya saya da kuɗinsa tana aikensa zaure! Ya ɗaura aniya cewa daga ranar ba sallamar da za ta sake tayar da shi daga kujera. Kai ma ka ɗaura. Wayewa ita ce ka ji abu da kunnenka ka san ƙarya ne.

Mataki na 6: Ka tsaya kan bakanka

Wata Asabar bayan azahar aka kawo wuta. Sa'adiya ta tafi suna a maƙwabta da yara. Awwal ya miƙe ƙafa, ya kunna wani fim mai cike da dattawa masu zirga-zirgar sasanta rigimar gado.

"Salamu alaikum," in ji bakin ƙofa.

Awwal ya yi murmushi. Muryar ta fito da kyau, har da ɗan kakin tsufa. Ya ce a ransa Kazeem bai yi ƙarya ba.

"Salamu alaikum."

Dattijon da ke kan allo a lokacin bakinsa a rufe yake, yana shan fura. Awwal ya lura da haka, ya kuma san dalili: sifika mai araha wani lokaci takan riga hoto. Ilimi yana da amfani.

"Salamu alaikum!"

Nan ne Awwal ya ga ya kamata ya nuna wa na'ura wane ne mai gida. Ya juya ya fuskanci ƙofa, ya ɗaga murya yadda za ta rinjayi wufa:

"Yi ta yi, tsoho, har ka gaji! Ba mai tashi!"

Sallama ta tsaya cak. Ka gani? Na'ura ma tana jin magana in ta ga ido.

Da la'asar Sa'adiya ta dawo, ta tsaya a ƙofar ɗaki riƙe da mayafi.

"Baban Rabi, wa ya ajiye rake a zaure?"

"Wane rake?"

"Ɗauri guda. Irin ɗaurin Baba."

Awwal ya tsayar da fim. A karon farko tun da ya sayi kayan, shiru ya kewaye shi, gaba da baya, dama da hagu.

Ta kira mahaifinta a waya. Awwal yana tsaye ba takalmi, ko da yake ba mai ganinsa.

"Baba, ashe kun zo?"

"Na zo. Na yi sallama uku kamar yadda aka koya mana. Aka ce in yi ta yi har in gaji. To, ki gaya wa maigidanki na gaji." Sannan ya ƙara da cewa, "Gona kuma, dama Mahadi ya daɗe yana tambaya."

Mataki na 7: Kada ka yi gaggawar ba da haƙuri

Jahili zai hau mota ya nufi Ƙarfi a daren. Kai mai ilimi ne, ka zauna ka yi nazari. Awwal ya yi, ya ga hanya biyu ce. Ko ya ce ya ji surukinsa ya ƙi tashi, ko ya ce ya ɗauki surukinsa sifika. Ya juya su, ya kasa gane wadda ta fi muni. Ya gwada a gaban madubi: "Alhaji, akwai wata fasaha..." Ko madubin bai karɓa ba. Sai ya yanke cewa dattijo a bar shi ya huce.

Ana cikin hucewar labari ya zo cewa an ga Mahadi yana zagaya gonar, hannu a baya, yana tambayar kuɗin taki. Awwal ya daina cin tuwo da kyau. Ya tsaya gaban buhunan da suka rage yana kallonsu kamar mai bankwana. Amma bai je ba. Ka yi koyi da wannan natsuwa.

Mataki na 8: Ka bar al'amura su gyara kansu

Suna gyarawa kuwa. Wata safiya Sa'adiya ta ce za ta Ƙarfi gaisuwa. Awwal yana kan kujera yana ƙara wa wayar fanka salatif, ya ce ta gaida mutanen gida. Ya ji a-kori-kura ta tsaya a waje, ya ji ana ɗan kokawa da wani abu, ya ɗauka daga sifikar taga ne.

An ce da ta isa ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta ce, "Baban Rabi ne ya ce a kawo muku. Kunya ta hana shi zuwa."

Alhaji Maitama ya daɗe yana kallon ragon. Shi ya ba ta shi yana ɗan ƙarami, ya kuma san dusar wa ya ci.

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce, Baba."

Tsohon ya shafa gemu, ya kalli 'yarsa, ya kalli ƙasa.

"To. Ki ce masa bana ma a ci gaba."

Da saƙon ya iso, Awwal ya gyaɗa kai kamar wanda ya san za a yi haka. "Ban gaya miki ba? Dattijo ba ya son a matsa masa."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai sami kunnenka, gonarka, ko zumuncinka. Wanda ya ƙone wufa ya nemi Kazeem, yana nan inda aka yanke masa cibiya. Wanda ya kori surukinsa ya duba gidansa, watakila akwai mai gyarawa. Alkawari ɗaya na yi, cewa mai bin matakan ba zai yi asarar ko ƙwayar masara ba, kuma Awwal bai yi ba. Har ma ya ci riba, don kwanan nan ya lura sautin baya ya washe tas, ba abin da ke katse shi.

"Maman Rabi, kin ji yadda take fita yanzu?" ya ɗaga murya ta taga. "Ashe sifika sai ta saba da ɗaki."

"Haka ne, Baban Rabi," in ji Sa'adiya.

Ta kwance igiyar daga turke, ta naɗe ta a hannu, ta rataye a ƙusa.