Makankarin Goggo

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Roni. Malam Sale, tsohon malamina wanda yanzu yake duba makarantu, ya ara min wani ɓawon kawar teku, wata halitta dangin dodon koɗi, da ya zama dutse. Daga wajen Sakkwato ya samo shi, inda teku ya taɓa kwanciya. Ya ce, "Amana ce, guda ɗaya gare ni. Ranar da zan zo ajinka ka koyar da shi."

Ni kuma, sarkin wayo, sai na ajiye shi a bakin taga a gida, a makon da Goggo, ƙanwar babana, ta zo mana daga Gwiwa.

Ranar Talata na jefa shi a aljihu ko dubawa ban yi ba. Malam yana zaune a bayan aji, ni ina ta zuba (har da yawo, hannu a baya). Na ce tudun layukan da ke bayan ɓawon su suka ƙarfafa shi, maharansa suka kasa fasawa. Na ce siraran zanen da suka gitta su ke nuna yadda ya girma, kuma irinsa ya ƙare a duniya tun shekaru miliyoyi. Sannan na miƙa wa ɗalibar gaba, na ce ta ƙirga layukan.

Ta juya shi, ta shinshina. "Malam, gefen nan ya cinye. Kuma akwai tuwo a jiki."

Ajin ya fashe da dariya. Malam ya taso ya karɓa, ya sa farce ya ɓanɓaro ƙanzon dawa, ya dube ni kawai. Wallahi gara ya mare ni.

Na koma gida ina huci. Ba a ɗaga wa Goggo murya, dole na durƙusa na tambaya.

"Au, makankarin nan?" in ji ta. "Kwana huɗu ina fama da shi a tukunya, ko kaifi babu. An cuce ka, ɗan nan."

Abin da ya fi ƙona ni, ba ni da wanda zan zaga sai kaina. Halittar da ta gagari maharan teku, kwana huɗu ta yi a hannun Goggo. Yanzu ko alli na aro, a akwati nake kulle shi. Malam Sale kuwa har yau in mun gaisa sai ya ce, "Ya Goggo? Ya tukunya?"