Yadda Za Ka Wanke Nafkin Ɗin Ɗanka Majalisa Ba Ta Sani Ba

Malam, in ka bi abin da zan jero maka tiryan-tiryan, na yi maka alkawari za ka riƙa wanke nafkin goma sha biyu kullum su fita fes, sannan ka je majalisa da la'asar ka karya hula ka zauna kamar ba ka taɓa ganin kashin jariri ba. Ba labari aka ba ni ba. Ni Nuruddeen, ma'aikacin gwamnati a nan Kazaure, a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba, kwana ashirin da uku na yi ina wannan aiki ba wanda ya sani. Abin da ya faru a rana ta ashirin da huɗu kuwa za mu zo kansa, kada ka yi gaggawa.

1. Ka tabbata ba ka da mafita

Kada ka fara don tausayi kawai, tausayi ba ya kwana biyu a gaban bokiti. Sai da dole. Tawa dolen ita ce: matata Bahijja aiki aka yi mata aka ciro ɗanmu Musaddiƙ, ɗinkin ya ƙi warkewa da wuri, likita ya ce kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abu mai nauyi. Surukata Inna Saude ta zo daga Kanya Babba ta riƙe mu har arba'in, washegari ta ɗaure kayanta ta ce riɗinta na gona ba zai jira ta ba. Famfas kuwa na tambayi kuɗinsa a kanti, na yi wa mai kanti fatan Allah ya kawo kasuwa, na fito.

Na dawo gida na tarar da Bahijja durƙushe a bakin rariya, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗaya cikin kumfa. Ni dai tsoro ya kama ni, na ce ta tashi ta shiga ɗaki.

2. Ka san abokin gabarka

Ba wari ba ne, wari kwana uku ka saba. Majalisa ce. Tamu tana gindin darbejiya a ƙofar gidan Kawu Lado, yayan mahaifiyata, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Kawu yana da karatu guda da yake biya mana ko ba a tambaye shi ba: namijin da ya tsoma hannu a bahon wankin mata, ya cire hula kawai ya ɗaura ɗankwali.

Bara aka hango Lauwali, ɗan majalisarmu, ɗauke da bahon jaririnsa zai zubar da ruwa. Har yau Lauwali Baho ake ce masa, ko a wurin ɗaurin aure. Kuma, Allah ya yafe min, ni na raɗa masa sunan. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni nawa sai da na zurfafa shi har na yi masa daɓe. Ka ga ke nan ranar da aka kama ni, Lauwali da kansa zai zaɓa min suna.

3. Zaɓi lokaci

Hantsi, bayan maza sun watse. Je ofis ka sa hannu, ka buɗe fayil a kan tebur, ka ɗora tabarau a kai, ka ce za ka leƙa banki. Tabarau zai riƙe maka aiki, da ma shi da kai bambancinku kaɗan ne. Babur kuwa tun daga kwana za ka kashe shi ka turo, domin Kawu ya san kukan babur ɗin kowa a unguwar nan.

4. Karon farko da abin

Cire agogo. Cire kaftani, daga kai sai singileti. Kama nafkin ta kusurwa biyu ka nufi bayan gida, ka bi shi da ruwan buta har kayan su sauka. Ruwan sanyi, ba na zafi ba, domin na zafi dafa tabon yake yi ya zauna daram. Kada ka tsaya nazarin launi. Masana sun tabbatar da cewa duk wanda ya tsaya ba ya ƙara cin miyar taushe sai shekara ta zagayo.

Daga nan ka jiƙa su a bokiti mai murfi. Murfin don ƙuda ne, kuma don mutuncinka.

5. Cuɗa, ɗauraya, sannan ƙarya

Sabulun wanki, ka cuɗa har sai kafaɗarka ta gaya maka abin da mata suke ɓoyewa. Ɗauraya sau uku, na ƙarshe da ruwan zafi, har kumfa ta ɗauke ƙaf, domin sauran sabulu shi ke cin fatar yaro.

To amma ruwan nan ta rariya zai fita titi, kuma duk unguwa ta san matarka ba ta iya sunkuyawa. Dole a tambaya wa ke wankin. Nan ne za ka ƙirƙiri tsohuwa. Tawa sunanta Barira, daga wani ƙauyen Roni take zuwa, ba ta son surutu, ta ƙofar baya take shiga. Gidana ba shi da ƙofar baya, amma ba wanda ya lura. Matsala ɗaya ce: in wankinka ya cika fita, matan maƙwabta za su fara aikowa a turo musu Barira. Ka ce ƙafa tana damun ta.

6. Shanya da hannuwa

Rana ita ce shugabar wanki, ita ke cinye sauran tabo da wari. Amma ka sauke igiya ƙasa da tsayin katanga. Mata karanta igiyar shanya suke yi, daga yadda aka matse kaya sun san hannun da ya matse.

Hannuwanka kuma za su fara tsagewa suna fari. A majalisa ka gajarta gaisuwa, ka cusa su cikin aljihu. In an matsa, ka ce siminti ne, kana ɗan gyaran bango.

7. Ka nuna musu kai ma'aikaci ne

Wannan matakin ni na ƙago shi, ba a wurin kowa na koya ba. A rana ta ashirin da ɗaya na kwaso nafkin daga igiya, na gan su a yamutse, raina ya ƙi. Ni da shekara goma sha ɗaya ban taɓa shiga ofis da kaftani marar kari ba, a ce ɗana yana kwana cikin tsumma? Na dama sitaci mai kauri, na ɗiga bula, na tsoma su. Da suka bushe na hura gawayi a dutsen guga, na fitar wa kowanne kari huɗu.

Bahijja ta juya ɗaya a hannu ta ce, "Baban Musaddiƙ, anya kuwa?"

Na ce, "Ke dai ki huta, wannan fannina ne."

Kwana uku yaron nan yana tsala kuka. Fitsari ya daina shiga nafkin, sai ya bi ta kai ya gangara kamar an zuba a leda. Matsematsinsa ya yi ja wur. Muka ce zafi ne, muka ce kambun baka ne, ban taɓa kawo sitacina a rai ba. In ya buɗe baki sai in rasa me zan yi masa.

8. In an yi sallama, kada ka gudu

Rana ta ashirin da huɗu, ina tsugune a gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, na ji sallamar Kawu Lado a zaure. Kafin in sami abin goge hannu ya shigo tsakar gida da sandarsa. Na miƙe na ɓoye hannuwa a baya.

"Sannu da zuwa, Kawu."

"Kwana uku jikana yana hana ni barcin rana. Me kuka yi masa?"

Bai jira amsa ba. Ya je igiya ya zaro nafkin guda, ya ɗaga shi, nafkin ya tsaya ƙyam ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ba da sauti.

"Wa ya sa wa wannan sitaci?"

Bahijja ta fito bakin ƙofa ta rusuna ta ce, "Barira ce, Kawu, mai yi mana wanki."

"Barira." Ya dubi jerin gogaggun da ke kan tabarma. "Kari huɗu. Ita Barirar a wane ofis take aiki?"

Kumfa tana ɗiga daga gwiwar hannuna zuwa ƙasa, ina jin sunayen da Lauwali zai zaɓa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Kawu ya jingine sanda, ya naɗe hannun riga. Ya ce a kawo ruwan zafi. Ya tsoma nafkin, ya cuɗa, ya murɗe shi da juyi ɗaya tak, irin matsar da na yi sati uku ina nema ban samu ba.

"Sitaci na kafaɗar mai neman ƙarin girma ne, ba na gindin jariri ba. Ka ɗauraye su duka sau huɗu. In sun bushe ka murje su da hannu su yi laushi, kada guga ta kusance su. Yaron kuma a bar shi ya sha iska."

Na ce, "Kawu, a ina kuka..."

"Shekarar da uwar ɗana Nafi'u ta rasu ta bar min shi yana wata biyar." Bai ɗago ba. "Wata bakwai ina yi kafin ƙanwata, uwarka, ta karɓe shi. Tawa tsohuwar daga Gwiwa take zuwa."

Ni shekarata talatin da shida ina ganin mutumin nan, ban taɓa jin ya ambaci matarsa ta fari ba sai ranar. Kunya ta kama ni, ba ta kumfar ba. Ya matse na ƙarshe, ya shanya, ya ɗauki sandarsa ya fita.

9. Koma majalisa

Da la'asar na je. Kawu yana kan tabarmarsa, kuma wallahi karatun nan nasa ya sake biyawa, na hula da ɗankwali, ko wasali bai rage ba. Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Da Lauwali ya iso na matsa masa wuri na ce, "Malam Lauwali, bismillah." Ya waiga yana neman wanda nake nufi.

Da aka tashi salla Kawu ya miƙo min hannu, na ji ya danna min ƙaramin gwangwani a tafi. Man kaɗe ne. A hankali ya ce, "Rabi na yaron. Rabi na simintinka."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In an kama ka, ban san ka ba. In an raɗa maka suna, ka amsa, kada ka kawo min ƙara. Wanda ya bi mataki na bakwai, shi da ɗansa da Allah. Barira kuwa ta daina aiki tun da Bahijja ta warke, a daina aiko min. Kuma in ka ga wani dattijo yana zagin masu wanki da ƙarfi fiye da kowa, ba ni na ce ka dubi hannuwansa ba.