Naman da Na Kulle a Jar Kula

Ba zan taɓa mantawa da bikin Uwani ba, kuma ba don kyan amarya ko daɗin kiɗan ƙwarya ba. Ina tuna shi ne saboda wata jar kula mai hannu biyu, da kuma ni kaina, wadda a lokacin nake ganin duk faɗin Kaduna babu macen da ta kai ni sanin abinci.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, zamanin da sai an bi layi ake samun madara da sabulu. Watana bakwai da aure. Muna zaune a Barnawa ni da maigidana, shi yana aiki a matatar mai ta wajen Rido, ni kuma ina koyar da darasin kula da gida a wata makarantar 'yan mata. Ban daɗe da fitowa daga kwaleji ba, ina da satifiket, ina da wani littafi mai kauri da na cika da jan biro. Kalmar "ƙwayoyin cuta" kuwa ba ta barin bakina. Ko ruwa aka miƙo mini sai na ɗaga kofin na duba shi a haske (Allah Ya yafe mini, har a gidan surukai na yi haka).

Uwani ƙanwar maigidana ce, kuma ita ce 'ya mace ɗaya tilo a gidansu da ke Nasarawa. Surukina, wanda kowa ke kira Baba, ya yi ritaya daga masaƙa, ba wani mai hali ba ne. Amma wata takwas ya yi yana kiwon wani ɗan sa a ƙofar gida, yana bi masa dusa da harawa, don kawai ranar da dangin ango za su zo daga Funtuwa ɗaukar amarya kada a ce an ba su shinkafa gaya. San nan shi ke nan, babu na biyu. An yanka shi ranar Alhamis da safe, baƙi kuma sai Asabar da azahar.

Suyar tana hannun Goggo Asabe, yayar Baba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, ba ta taɓa shiga aji ba. A unguwar an san ta da abu guda: naman layyarta yakan kai wata uku ana ci, ba wari, ba fumfuna. Mai taya ta aiki a kowane biki ita ce Mama Ladi, maƙwabciyarsu 'yar Kagoro, wadda suka shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ni ma na zo da atamfar aiki da littafina a jaka, wai na zo taimako.

Na zauna ina kallon Goggo. Ta tafasa naman da gishiri da citta har ruwan ya ƙone, sannan ta riƙa zuba shi a kaskon mai kaɗan-kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ta cika kallon kaskon ba. Sai ta karkata kai gefe guda kamar mai sauraron rediyo.

Na ce, "Goggo, me kike saurare?"

Ta ce, "Mai nake jira ya yi shiru. Muddin yana surutu, akwai sauran ruwa a jikin naman. Ruwan nan kuwa shi ke kashe shi."

Yau in na tuna wannan magana sai in jinjina mata, don babi guda na littafina ta faɗa a numfashi ɗaya. Amma a ranar dariya na yi a ciki. Da ta kwashe, sai ta baza naman a faifai da manyan tire a ƙarƙashin rumfa, ta lulluɓe da wani tsohon mayafi shara-shara, wankakke tas. Can na hango ƙuda biyu suna shawagi a saman mayafin. Ƙuda biyu rak, kuma ko naman ba su taɓa ba. Ai kuwa sai malantar ta motsa.

Na miƙe tsaye a tsakar gida, gaban matan unguwa wajen goma, na yi musu darasi. Na yi bayanin ƙafar ƙuda. Na yi bayanin yadda yawan suya ke kashe amfanin nama. Na ƙare da cewa ina da kula a gida, sabuwa fil, wadda abokan aikin maigidana suka ba mu gudummawar aure, in an rufe ta ko iska ba ta shiga. A ba ni rabin naman in soya shi da laushi, in ajiye shi ta hanyar zamani. (Ba mu da firij a lokacin, kuma ni a tunanina kula firij ce da ba ta buƙatar lantarki. Malamar kula da gida ke nan fa.)

Mama Ladi ce ta fara magana, da Hausarta da ba ta ware mace da namiji. "Malama, wannan kula naka na abincin yau ne fa. Ba na jibi ba ne."

Na yi mata murmushin da nake yi wa 'yan aji ɗaya, na sake bayani cewa in iska ba ta shiga ba, ƙwayoyin cuta ba su da hanya. Ban tsaya na tambayi kaina labarin waɗanda zan kulle a ciki ba.

Goggo ta dube ni na ɗan lokaci. Ba ta ɓata rai ba. Ta ce, "To, Malama. In za ki ajiye, ki soya shi ya bushe, ki bari ya sha iska ya huce sarai kafin ki rufe. Kuma ban da ɗanyar albasa." Sau ɗaya ta faɗa. Ta shiga ɗaki ta fito mini da tafasasshen nama cikin daro, ta koma bakin kaskonta.

Abu uku ta ce, ukun kuwa na saɓa, ɗaya bayan ɗaya, da gangan. Na kai naman Barnawa a tasi, na soya shi sama-sama, mai yana tsaka da surutunsa na kwashe. Na juye shi a kula yana turiri. Na yanka albasa da tumatir zobe-zobe na jera a kai don ado, na danna murfi, na zagaye bakin da salatif har sau uku. Na tura ta cikin sito na ja ƙofa. Watan Afrilu ne, zafin da ko kwanon rufi sai ka ji yana ƙara. Ranar Juma'a ban buɗe ba, kada iska ta shiga. Nakan dai wuce ta ƙofar siton in ji wani daɗi a raina.

Asabar ta zo. An ɗaura aure da safe, da azahar motoci biyu suka sauke matan Funtuwa. Shugabarsu Hajiya Kulu ce, goggon ango, doguwar mace mai haƙorin Makka, irin wadda in ta zauna kowa ke gyara zama. Aka shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida, aka jera kwallayen shinkafa da miya. Saura nama.

Na sha leshi, na kafa ɗauri. Na roƙi Mama Ladi ta kama mini hannun kula ɗaya daga zaure. Mun yi taku uku sai ta tsaya, ta ɗan shaƙi iska, ta rage murya.

"Malama, mu kai shi lungu tukuna. Ka buɗe a can ka gani."

Na ce, "Haba Mama, a gaban baƙi za a buɗe, su gani da idonsu."

Ta ce, "To. Ni dai na faɗa."

Muka dire ta a gaban Hajiya Kulu. Kuma don kada wani ya ci ladan aikina, sai da na durƙusa na gaishe su, na gabatar da kaina a matsayin matar yayan amarya, na ƙara da cewa wannan naman ni na soya da hannuna, ni na adana shi ta hanyar zamani, tun ranar Alhamis ko ƙuda bai gan shi ba. Hajiya ta ce, "Ma sha Allah, ilimi ya yi rana." Na ɓare salatif. Na ɗaga murfi.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Warin bai fito a hankali ba, tsalle ya yi. Ruwan gumi yana ɗiga daga murfin, albasata ta narke ta zama yauƙi, naman ya yi wani kore-kore yana kumfa a gefe. Matan da ke layin gaba suka ja da baya tare da tabarmarsu. Wani jariri ya fashe da kuka. Hajiya Kulu ta ja mayafi ta rufe hanci, idanunta kawai nake gani. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, da zuciya ɗaya kuma, "'Yar nan, zamanin ne ke wari haka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi kunyar ciwo shi ne na hango Baba ta ƙofar zaure, ya leƙo ya ga abin da san wata takwas ya zama. Ya juya ya koma waje. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai bakina ya ƙara mini: "Ƙila in an sake soyawa..."

"A'a."

Goggo ce. Ban ga fitowarta ba. Ta zo ta karɓi murfin daga hannuna ta mayar, ta ce, "Wanda ya kai nan ko an sake soya shi cikin mutane zai ɓata. Ladi, a haƙa rami a lungu a binne, kada kaza ma ta samu." Sannan ta juya ta fuskanci Hajiya Kulu, ta ɗan rusuna, tsohuwa da ita.

"Hajiya, ku yi haƙuri, laifina ne. Ni na juye wa yarinyar nan shi da zafi, na ce ta rufe. Tsufa ne, hankali ya fara tafiya."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma babu wanda bai sani ba. Minti biyu da suka wuce na gama shelar cewa ni na yi komai da hannuna. Matan unguwa da suka sha darasin ƙafar ƙuda suna tsaye a wurin. Amma wa zai ƙaryata Goggo Asabe a gidan ƙaninta? Hajiya Kulu ta sauke mayafinta, ta daɗe tana kallon tsohuwar, sannan ta ce, "Allah Sarki, Goggo. Ai tsufa na kan kowa." Shi ke nan, aka rufe maganar.

Ina durƙushe ina lissafin yadda rabin nama zai ishi mota biyu, sai ga Mama Ladi da wasu mata suna fitowa daga ɗakin Goggo da tukwane. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Aka buɗe, ƙamshi ya kore abin da na saki. Naman ya yi ja, ya bushe ƙayau, in ka gutsura sai ka ji ɗanɗanon citta har ciki. Goggo ta tsaya a kai da busasshen matsami, ba ta yarda wani jiƙaƙƙen hannu ya shiga tukunya ba. Kowace baƙuwa ta samu, aka kai wa maza a waje, har aka ƙulla wa Hajiya Kulu na tafiya. Na ji tana tambayar Goggo yadda take yi, Goggo kuma tana cewa, "Ba komai, Hajiya, haƙuri ne kawai da wuta." Aka tafi da Uwani da la'asar, ba wanda ya tashi da yunwa, Baba yana ta amsa addu'a a ƙofar gida.

Kwana biyu na yi ban iya taka Nasarawa ba. A na uku na je, ba leshi, ba littafi. Na samu Goggo tana tsince wake, na durƙusa na ba ta haƙuri, ina kuka wiwi kamar ba malama ba. Da na natsu na tambaye ta abin da ke cina: ta yaya rabin sa ya cika tukunya huɗu?

Ta ce, "Wa ya ce miki rabi na ba ki?"

Na ɗago kai.

"Na cika miki daro da ƙashi da haƙarƙari, na yafa tsoka a sama. Da na hana ki a gaban mata, da kin ce dangin miji sun raina ki. Sai na ba ki abin da in ya tafi ba zai kashe mu ba."

Wato tun ranar Alhamis ta riga ta yi wa namana ta'aziyya. Ni da na soya shi da hannuna ko lura ban yi ba cewa yawancinsa ƙashi ne. Na ce, "To Goggo, don me kika ce laifinki ne? Sunanki fa kika ɓata."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ni saura nawa? In an ce tsohuwa ta manta, gobe an wuce wurin. Ke kuwa yanzu kika shigo. Da na bari, har jikokinki sai sun ji sunan da za a laƙaba miki."

Ba a laƙaba mini ba kuwa. Shekaru sun shuɗe, Goggo ta rasu, kuma har yau babu mutum ɗaya a gidan nan da ya taɓa tayar mini da zancen, sai ni da na tona kaina yanzu. Abin da na koya, ban da barin abinci ya huce kafin a rufe, shi ne wannan: in kika kawo iliminki tsohuwa ta ce miki "to" ba gardama, kada ki yi murna kin ci nasara. Ta gama auna iyakar ɓarnar da za ki iya yi ne, ta ware miki daidai ita.